Mai gidan haya na shigo mana ba sallama, yana da wannan ikon?

Tambaya: Barista, ina haya a Agege, Legas, ɗaki biyu da falo, kuma na biya kuɗin shekara. Mai gidan ya riƙe makulli guda. Sau biyu ke nan ina kasuwa yana buɗe ƙofa ya shigo da masu son sayen gidan, iyalina na ciki. Da na yi magana sai ya ce ai gidansa ne. Haka doka ta ce?

Amsa: Malam, ginin nasa ne, amma tun ranar da ya karɓi kuɗinka ya miƙa maka makulli, zaman cikinsa ya koma hannunka har wa'adi ya cika. Sashe na 6 na Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011, wadda Agege ke ƙarƙashinta, ya ba ɗan haya haƙƙin sirri da zama ba tsangwama. Sashe na 7 ya bar wa mai gida 'yar ƙofa kaɗan: ya duba lafiyar gini ko ya yi gyara, da rana, a lokacin da ya dace, bayan ya aiko da sanarwa a rubuce. Zagayawa da masu saye ba ya ciki, sai in takardar yarjejeniyarku ta tanadi haka. Ka ɗauko ta ka karanta, domin yawancinmu hannu kawai muke sa wa. Gobara ko fashewar bututun ruwa daban ne, nan ba mai jiran takarda.

In mai gidan Musulmi ne, aya ta 27 a Suratun Nur ta riga dokar hana shiga gidan wani ba izini ba sallama, balle gidan da matar aure take.

Kada ka fara da faɗa, kuma kada ka riƙe kuɗin haya don huce haushi, sai ka ba shi hujja a kanka. Rubuta masa wasiƙa mai kwanan wata, ka ambaci ranakun da ya shigo, ka ce nan gaba ya sanar da kai tukuna ku tsayar da lokaci. Ajiye kwafi. In bai daina ba, cibiyar sasanci ta ma'aikatar shari'ar Legas na sauraron irin wannan kyauta, bayanta sai kotun majistare.

In kuma ya koma barazana ko cire ƙofa don ka tashi, wannan laifi ne a sashe na 44: tarar da za ta iya kai Naira 250,000 ko ɗaurin wata 6. Mai hayar shekara kuwa, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, notis ɗin wata 6 doka ta ba shi kafin a tashe shi.