Zan iya ba kyanwata farasitamol?

Kin ce jikin kyanwarki ya yi zafi, kina son ba ta rabin ƙwayar farasitamol. Don Allah kada ki ba ta ko ɓalli. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani, sai ya lalata jajayen ƙwayoyin jini su kasa ɗaukar iskar numfashi. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 na iya kashe ta. Cikin 'yan sa'o'i dasashinta zai koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya.

Idan ta riga ta haɗiya, a garzaya wurin likitan dabbobi da kwalin maganin. Akwai makarinsa, amma sai an hanzarta. Kada a ɗura mata ruwan gishiri don ta yi amai, shi ma guba ne.

Haka ma ibufurofen, wani maganin rage ciwo na mutane, yana jawo wa kare gyambon ciki da ciwon ƙoda.

Ya kamata mai harhaɗa magunguna ya tambayi wa za a ba maganin. In dabba ce, ya nemi takardar likitan dabbobi, ya duba nauyinta, kuma kada ya musanya maganin da na mutane sai ya tuntuɓi likitan, domin wasu magungunan ruwa na ɗauke da zailitol, sinadarin zaƙi da ke karya sukarin jinin kare.