Mitar famfo ta koma sifili: amsar maigida ga yaronsa

Ka ce mitar ƙirga wutar lantarki da ka haɗa wa famfon sola a Garwa ta yi wata guda lafiya, sai ƙirgen ya koma sifili, kuma kompailarka, wato manhajar da ke fassara wa cip shirin da ka rubuta, ba ta san lamba mai bit 64 ba. Kana tambaya ko ka koma float, wato nau'in lamba mai ɗigon desimal.

Kul, yaro. Bari mu fara da inda lambar ta tafi. Unsigned long, nau'in ma'ajin lambar da ƙirgenka ke ciki, bit 32 ne, iyakarsa 4,294,967,295. Famfo mai wat 1,500, in kana tara wat ɗin kowace daƙiƙa, aikin kwana 33 ba tsayawa ya cika shi. Cip ɗin ba zai yi maka ƙorafi ba, zai juya ne kawai. Float kuwa a irin waɗannan ƙananan cip, da ya wuce 16,777,216 ya daina riƙe kowace lamba daidai. Ka ƙara masa ɗaya, ya haɗiye shiru.

Lissafin firamare za ka yi. Jera bayit takwas (kowane bayit bit 8 ne, ka ga bit 64 ke nan), ƙarami a farko. Wajen tarawa, ɗauki bayit biyu ka haɗa cikin uint16_t, wato ma'ajin lamba mai bit 16, ka ajiye rabin ƙasa, rabin sama ka riƙe shi zuwa gida na gaba. "Rubuta biyu, riƙe ɗaya" ke nan, sai dai gidanka 256 ne ba 10 ba. Ninkawa ma haka: 255 sau 255 ya ba ka 65,025, ka ƙara abin da ka riƙe da abin da ke gidan, 255 kowanne, ka sami 65,535 cif. Bit 16 ya ɗauke, ko ɗaya bai zuba ba. Amma ka mai da su uint16_t kafin ka ninka. Yara da yawa nan suke faɗuwa.

Nunawa a allo: raba da 10 daga babban bayit zuwa ƙarami, ragowar ka ninka da 256 ka ɗora kan na gaba. Lambobin za su fito daga baya, ka juya su.

Ni dai a aikin famfo ba zan wahalar da cip ɗin PIC16F877A mai bayit 368 na RAM (ma'adanar aikinsa) da wannan ba. Duk sanda ƙirgen ya kai 3,600, wato adadin daƙiƙoƙin awa ɗaya, cire su ka ƙara ɗaya a ma'ajin wat-awa. Mai rijiya ma da shi yake lissafin kuɗinsa. Gobe kawo min mitar mu gwada.