Dariyar Louis Armstrong a Accra: Ta Talla Ce?

Tambaya: Malam, na kalli wani tsohon fim na Louis Armstrong, baƙar fatan Amurka mai busa kakaki a kiɗan jaz, a Accra, yana busa yana ta dariya. Ashe ba Amurka ce ta turo shi ya rufe mata asirin wariyar launin fata ba? Daga wani mai karatu a Kumasi.

Amsa: Ɗan'uwa, zarginka yana da tushe, amma ba a wannan tafiyar ba. Fim ɗin shi ne Satchmo the Great na 1957, kuma gidan talabijin na CBS, da ɗan jarida Edward R. Murrow, su suka kai shi Accra a watan Mayun 1956, kafin Ghana ta sami 'yancin kai. Rangadin da gwamnatin Amurka ta sa hannu a ciki shi ne na 1960, wanda ya kai shi har Kaduna, aka ɗauke shi hoto da Sardauna.

Ni abin da ya tsaya min a rai ba dariyar ba ce. Ka sake kallon wurin da ya rera Black and Blue a gaban Kwame Nkrumah. Waƙar kuka ce ta mutumin da laifinsa kaɗai baƙar fatarsa. Ga farin hankicin nan a hannunsa, ga gumi, amma fuskar ta canza. Nkrumah kuwa shekara goma ya yi a Amurka, daga 1935 zuwa 1945, ba ya buƙatar tafinta. Duk lokacin da na kai wurin sai jikina ya yi sanyi.

A watan Satumban 1957, da gwamnan Arkansas, Orval Faubus, ya sa sojoji suka tare yara baƙaƙe tara a ƙofar makaranta a Little Rock, Armstrong ya fito fili ya caccaki Shugaba Eisenhower, ya fasa zuwa Tarayyar Sobiyet da gwamnati ta so tura shi. Mahaifarsa ma, New Orleans, ya ƙaurace mata kusan shekara goma saboda dokar da ta hana baƙi da fari kiɗa tare.

Inda na yarda da kai shi ne, masu riƙe da kyamarar fim ɗin Turawa ne, su ke zaɓar abin da za a gani. Shi ya sa nake so ka nemi The Cry of Jazz na 1959, wanda baƙar fata Edward Bland ya shirya a Chicago. Minti 34 ne kacal. Ya ɗora kiɗan Sun Ra, wani makaɗin jaz, a kan hotunan unguwannin talakawa baƙaƙe, yana cewa amshin jaz da ke ta maimaita kansa shi ne ƙangin da aka sa su, abin da mai busa ke ƙirƙira nan take kuma shi ne ɗan numfashin da ya rage musu. Ka fara da na Accra, sannan ka bi da wannan a dare guda.