Wasa a kan rayuwata: in na sauya wani abu, ƙarya na yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina rubuta wasan kwaikwayo a kan jinyar mahaifiyata da rasuwarta, ni kaɗai zan hau dandamali in ba da labarin da bakina. To sai na haɗe goggonnina biyu suka zama mutum ɗaya, wata magana da aka yi a gida kuma na mayar da ita asibiti. Yanzu sai wasiwasi nake ko yaudarar 'yan kallo zan yi, ga shi duk rihazal, wato gwajin wasan, sai na yi kuka.

Amsa: Wa alaikis salam ƙanwata, Allah ya jiƙan Mama. Haɗe goggonni biyu ni dai ban ga ƙarya a ciki ba, ai jinyar wata da watanni ba za ta shiga awa ɗaya ba sai an yi yanka da ɗinki, 'yan kallo ma sun san haka. Inda ake samun matsala shi ne ki ce "na gani da idona" alhali ba ki gani ba, don da wannan kalmar suke buɗe miki zuciya.

Abin da ya kayar da Mike Daisey kenan a Amurka. Ya yi wasa kan ma'aikatan da ke haɗa kayan Apple a Chaina, shirin rediyon This American Life ya saka wani ɓangare a Janairun 2012, zuwa Maris suka janye shi, saboda ya ce ya gana da ma'aikatan da wani sinadari ya illata, kuma da gaske an illata mutane amma a wani garin daban, shi bai haɗu da su ba. Ya kare kansa da cewa shi ɗan wasa ne ba ɗan jarida ba, wlh amsar ba ta gamsar da ni ba tunda da sunansa na gaskiya ya tsaya.

Amma fa goggonnin nan suna raye, sirrinsu ne ma. Spalding Gray, wani ɗan wasan Amurka, a 1977 ya kunna wa 'yan kallo hirar waya da likitan mahaifiyarsa da ya naɗa ba da sanin likitan ba, ya sha suka. Ki karanta wa goggonnin nasu ɓangaren tukuna.

Kukan kuma, yau famin ciwo ne, amma a dare na goma na wasan kina iya jin bakinki na magana amma zuciyarki shiru, wannan ma yana tsorata masu irin wasan. Ki samu darakta da zai ce "tsaya nan", ki kuma ware abu ɗaya tsakaninki da Mama da ba zai taɓa hawa dandamali ba.