Ku Tambaye Mu: Sulallan Mario Party

Tambaya: Salam Malam, don Allah a Mario Party Superstars ni nake yawan cin ƙananan wasannin amma a ƙarshe ƙanena ke lashe gasar, wai ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ai gem ɗin nan na Nintendo da taurari ake cin sa, sulalla kuɗin sayen su ne kawai, tauraro ɗaya sulalla 20. Ƙaramin wasa na yau da kullum in ka ci, sulalla 10 za a ba ka shikenan, amma akwai na tsintar sulalla irin su Hammer Drop, wanda duk abin da ka kwasa naka ne ko da kai ne na ƙarshe, to nan ya kamata ka buɗe ido, ka bi jakar kuɗin don ta fi sulalla ɗaya daraja, ka kuma kauce wa gudumar da ake jefowa kar ta tunkuɗa ka.

Sannan ka daina ɓoyon kuɗi kamar mai adashi. Boo, fatalwar nan ta cikin gem ɗin, zai iya sato wa ƙanen naka sulallanka, in ƙanen ya biya shi sulalla 50 ma har tauraronka zai ɗauke. Ina zargin hakan yake maka wallahi.