Mahaifina yana roƙona in ba shi abin da zai sha ya huta: mene ne hukunci?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Ringim, Jihar Jigawa. Mahaifina dattijo ne, ciwon daji na mafitsara ya ci jikinsa har ya shiga ƙashi. Mun kai shi Kano, mun sayar da shanun huɗa da riɗin bana, daga ƙarshe likita ya ce mu koma gida, magani ya ƙare. Yanzu da dare ba ya runtsawa, sai nishi. Ya sha kama hannuna yana cewa, "Don Allah ka nemo mini abin da zan sha in huta, na yafe maka duniya da lahira." Wani mai kemis ya ce akwai allurar da in aka ninka ta, barci zai ɗauke shi, shi ke nan. Ƙanena da ke karatu a birni ya ce a Turai likita ne ma ke yin haka bisa doka, kuma ko saniya ce ta karye ai yanka ta ake yi ta huta. Kawunmu kuwa cewa ya yi a sayar da gona a koma asibiti, barinsa a gida kisa ne. Malam, ina mafita?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya sassauta wa Baba, Ya sa kaffara ne, kai kuma Ya ba ka ladan jinya.

Wannan allura haramun ce. Haramun ne a gare ka, haramun ne ga mai kemis, haramun ne ga likita da zai yarda ya yi. Duk abin da aka ba mara lafiya da nufin ransa ya fita, allura ce ko ƙwaya ko jiƙo, kisan kai ne da gangan, ko da hawaye ke zuba a idon mai bayarwa. Allah Yana cewa a Suratul Isra'i, aya ta 33, kada ku kashe ran da Allah Ya haramta sai da haƙƙi. Ciwo ba ya cikin wannan haƙƙi, tsufa ma haka. A Suratun Nisa'i, aya ta 29, Ya ce kada ku kashe kawunanku, lalle Allah Mai jin ƙai ne a gare ku. Wanda Ya fi ka tausayin mahaifinka Shi ne Ya hana.

Na san abin da ya fi tsaya maka a rai shi ne yafiyar da ya yi maka. To, ɗana, mutum yana yafe abin da yake nasa ne. Baba zai iya yafe maka bashi, zai iya ba ka gona kyauta, amma ransa ajiya ce a hannunsa. Abin da ba shi da izinin yi da hannunsa, ba zai wakilta wani ya yi masa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Jundubu ɗan Abdullahi cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ba da labarin wani mutum cikin mutanen da suka gabata, wanda rauni ya dame shi, ya kasa haƙuri, ya ɗauki wuƙa ya yanke hannunsa, jini ya yi ta zuba har ya mutu. Allah Ya ce: bawaNa ya yi Mini gaggawa da ransa, Na haramta masa Aljanna. Wannan mutum ba talauci ya kai shi ba, ba baƙin cikin duniya ba, zafin ciwo ne, irin dalilin da ake kawo maka yau. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya ma ba su bar wannan ƙofa a buɗe ba. Shehu Halilu a Mukhtasar ya ce ana yin ƙisasi ko da wanda aka kashe ya riga ya ce wa makashin, "In ka kashe ni na kuɓutar da kai." Mai Risala kuma ya ce wanda ya yi kisa da gangan ba ya gadon dukiya, ba ya gadon diyya. Ga kuma dokar ƙasa, wadda ita ma take ɗaukar taimaka wa mutum ya kashe kansa a matsayin babban laifi.

Maganar saniya ba ta shiga nan. Saniya dukiyarka ce, Allah Ya halatta maka yanka ta tana lafiya lau, balle ta karye. Ba a ƙiyasta uba da ita.

Abin da ƙanenka ya faɗa game da Turai gaskiya ne a wasu ƙasashe, sai dai ya kamata ya ba ka labarin har ƙarshe. Holan da Beljiyam sun fara aiki da irin wannan doka a 2002. Zuwa 2014 Beljiyam ta cire sharaɗin shekaru, yara ma suka shiga. Kanada ta halatta a 2016 ga wanda ake ganin ajalinsa ya gabato, a 2021 ta cire wannan sharaɗi. Wannan a inda gwamnati ke ɗauke yawancin kuɗin asibiti ke nan. Ka auna da namu wurin, inda tsoho yana kwance yana jin ana cinikin shanunsa a ƙofar gida. Ranar da aka ce mutuwa zaɓi ce, irin wannan tsoho zai ga kamar ci gaba da numfashinsa rashin kunya ne ga 'ya'yansa. Kuma mun san gidajen da ake zaman jiran gado. Ba sai na yi tsawo ba.

Kada ka ɗauki roƙon Baba a matsayin raunin imani, kada kuma wani ya je yana yi masa wa'azi da faɗa. Sahabi Khabbabu ɗan Aratti an yi masa lalas bakwai a ciki saboda ciwo, da aka je duba shi ya ce ba don Annabi ya hana mu roƙon mutuwa ba, da na roƙe ta. Wanda ya sha azabar mushirikan Makka ke nan, ciwo ya kai shi nan. Abin da Annabi ya koyar ga wanda ya ƙosa, a hadisin Anas, shi ne ya ce: "Ya Allah Ka raya ni matuƙar rayuwa ce alheri gare ni, Ka ɗauki raina idan mutuwa ce alheri gare ni." Ka laƙƙana masa wannan a hankali. Ta ba shi damar faɗin abin da ke ransa, ta kuma bar hukunci a hannun Mai shi.

Sai maganar kawunku. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma barin maganin da ƙwararru suka ce ba zai amfanar ba, ba kisa ba ne. Wanda ya yi allura shi ya jawo mutuwar; wanda ya bar maganin da ba ya aiki, ciwo ne ya yi ajalin, shi bai ƙara komai ba. Matar nan mai farfaɗiya da ta zo wurin Annabi, ya ba ta zaɓi tsakanin ya roƙa mata waraka ko ta yi haƙuri ta sami Aljanna, ta zaɓi haƙuri, bai tilasta mata ba. Magani yana zama wajibi ne idan ana kyautata zaton zai ceci rai, kamar ƙarin jini ga mai haihuwa ko maganin saran maciji. A kan wannan asali ne Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta cire na'urar numfashi daga wanda ƙwararrun likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta daina aiki gaba ɗaya ba dawowa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa a Makka ta halatta haka a 1987, da sharaɗin likitoci uku, sai dai ta ce ba a hukunta shi da mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya. Idan zuciyarku ba ta natsu da likita ɗaya ba, ku kai takardun ga na biyu. In ya maimaita maganar, babu laifi a kanku don ba ku sayar da gona ba. Gonar ma ta Baba ce muddin yana raye da hankalinsa, shi za a tambaya.

Inda nake ganin an yi sakaci shi ne zafin da yake kwana da shi. "Magani ya ƙare" na nufin maganin warkewa. Na rage raɗaɗi bai ƙare ba. Galibin mai cewa a kashe shi, abin da yake nema shi ne dare ɗaya na barci. Ka koma babban asibiti ka ce wa likita ƙarara: ba waraka muka zo nema ba, zafi muke so a kashe. Akwai magunguna masu ƙarfi irin su mofin da ake ba masu ciwon daji da takardar likita. Halal ne a ba shi gwargwadon da likita ya rubuta, a kan lokaci, ko da zai sa shi yawan barci, domin abin da aka nufa sauƙi ne, kuma ayyuka suna bin niyya. Amma awo na likita ne. Kai ba ka ƙarawa, mai kemis ba ya ƙarawa, kuma mutumin da ya kawo maka waccan shawara kada ka sake barinsa ya kusanci Baba da sirinji.

Abinci da ruwa ba sa cikin abin da ake janyewa. Ko cokali biyu na kunu ne zai iya haɗiya, a ba shi. In ya kasa, a riƙa jiƙa masa leɓe, ba a ɗura masa da ƙarfi. A riƙa juya shi kada bayansa ya yi gyambo, a kula da robar fitsari in an sa masa. Sallah ya yi ta yadda ya iya, da taimama in ruwa na wahalar da shi, a zaune ko a kan gefensa, kamar yadda Annabi ya umarci Imrana ɗan Husaini. Ku raba kwanan jinya tsakaninku, domin mai jinyar da ya yi makonni bai yi barci ba shi Shaiɗan ya fi samu da irin wannan tunani. Lissafin abin da aka kashe kuma a daina yinsa inda kunnensa zai ji. In ya sake kama hannunka ya ce ya zame muku nauyi, ka gaya masa shanun da aka sayar da ma da guminsa aka saye su.

Wallahu a'alam.