Yadda Muke Tsare Gida Daga Wutar Daji a Bayan Garin Legas

Baffa, Allah ya ƙara girma. Kun ji an ce muna aikin gayya don gudun wutar daji, kuka ce ina daji ina Ikko, garin da ruwa ba ya ɗaukewa?

Ai ruwan ne ke jawo ta. Daga Afrilu zuwa Oktoba ana tafka shi, tofa da sauran ciyayi su yi tsiri, wata har ta shanye mutum. Da hunturu ya kama a Disamba sai ta bushe ƙayau. A Agege ko Idi-Araba babu wannan, can gobarar janareto ce da tukunyar gas da wayar lantarki. Amma mu da tsadar haya ta tura wajajen Ikorodu, Epe da Badagry, da wuya ka ga gidan da bai jingina da filin da mai shi ya saya ya bari ba. Mai farautar gafiya ya cinna masa wuta, ko wani ya ƙona shara ya tafi, shi ke nan.

Shi ya sa a nan ba ma cewa fili ba nawa ba ne. Tun Nuwamba mai unguwa zai sa a nemi masu filayen. In ba a same su ba, matasa su fita da adduna, Hausawa da Yarbawa tare, a sassabe kamar taku 10 daga kowace katanga. Ciyawar da aka sare kuma ba a barinta a wurin, don busasshen tari ya fi ta tsaye haɗari. Masu tumaki su ɗebi mai kyau, saura a binne.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne tsakar gidanmu. A gida kun saba da danga da zana da harawa a kan rufi. Nan ba ma yarda da su kusa da ɗaki. Wuta ba sai ta iso ba take cin gida, tartsatsin da iska ta ɗauko ya ishe ta. Don haka gindin bango, wajen mita 1 da rabi, siminti ne ko tsakuwa, ba itacen girki, ba tsohuwar taya, ba jarkar fetur. Harawar ragunan layya tana da rumfarta ta kwano can nesa. Reshen mangwaro da ya leƙo rufi a datse, ganyen da ya taru a indararo a kwashe. Ayaba muna shuka ta a bakin katanga saboda jikinta ruwa ne, amma busassun ganyenta dole a riƙa yanke su, kuma nan ne mutane da yawa ke sakaci.

Yaranmu duk sun haddace 767 da 112, lambobin kiran agaji na jihar. Sai dai hanyoyinmu sun lalace, motar kashe gobara kan jima ba ta iso ba, don haka duron ruwa ba ya zama wayam a gidan kowa har ruwan fari ya sauka.